Dabarar da ke kai magani cikin jini: wa ke da ita, kuma me ta ke ƙara wa kuɗin ƙwaya?

Duk wanda ya taɓa riƙe takardar magani ya shiga farmasi ya san cewa sau da yawa mai sayarwa kan tambaye shi ko na kamfanin asali yake so ko jenerik. Sinadari ɗaya ne, aiki ɗaya, amma kuɗin wani ya ninka na wani. Abubuwa da dama ke kawo wannan bambanci. Yau za mu ɗauki guda daga ciki mu warware shi, wato takardar mallakar ƙirƙira, wadda a Faransanci ake ce wa brevet. Ba brevet na 'yan koleji ba fa. Kuma za mu tsaya kan wani irinta da ba a cika magana a kai ba: takardar da ake ba kamfani saboda ya gano dabarar da ke sa magani ya shiga jini da kyau.

Daga baki zuwa jini

In mutum ya haɗiyi ƙwaya, tafiya ce ta fara. Sai ta narke a ciki, ta gangara cikin hanji, ta ratsa bangon hanji ta shiga jini. Jinin nan kuma ta hanta yake fara bi, ita ko hanta aikinta ke nan ta farfasa duk wani baƙon abu. Abin da ya tsira daga duk wannan shi ne ke isa wurin ciwo. Magunguna da yawa ba sa son narkewa a ruwa, kamar yadda mai ba ya haɗuwa da ruwa. Sai mutum ya sha ƙwaya cikakkiya, kaɗan ya shiga jini, saura ya fita da bayan gida.

Muna da misali a gida. Coartem, maganin palu da kowa ya sani, yana ɗauke da sinadarai biyu, artemether da lumefantrine. Na biyun ba ya shiga jini sosai sai da abinci mai maiƙo. Takardar bayanin maganin ta ce abinci mai maiƙo na iya ninka abin da jiki ke ɗauka na lumefantrine har sau 16. Shi ya sa ma'aikatan likita ke cewa a sha shi da madara ko bayan an ci abinci.

Masu haɗa magani suna da hanyoyin shawo kan wannan matsala. Su kan niƙa sinadarin ya yi laushi fiye da garin alkama. Su kan narkar da shi cikin mai su zuba a kafso. Su kan canza tsarin ƙwayoyinsa. Ku dubi sukari: na kwali daban, alewa daban, alhali duk sukari ne, amma narkewarsu a baki ba ɗaya ba. Su kan kuma haɗa shi da wani magani na biyu da zai riƙe hannun hanta kada ta yi saurin farfasa shi. Kowace daga cikin waɗannan dabaru, kamfani na iya neman takardar mallaka a kanta.

Me takardar ke bayarwa?

Takardar mallakar ƙirƙira yarjejeniya ce tsakanin mai ƙirƙira da hukuma. Shi zai bayyana wa duniya yadda ya yi abin, ita kuma hukuma za ta hana kowa yi ko sayar da irinsa ba da izininsa ba, har shekara 20 daga ranar da ya ajiye takardun nema. In wa'adin ya cika, kowane kamfani na iya yi, farashi ya sauko. Yarjejeniyar Ƙungiyar Kasuwanci ta Duniya, OMC, da ta fara aiki a 1995 ce ta sa wannan shekara 20 ta zama ma'auni ga ƙasashen da ke cikinta.

To ga inda gizo ke saƙa. Kamfani na iya riƙe takarda ta farko a kan sinadarin kansa. Bayan wasu shekaru ya sake neman ta biyu a kan sabon tsarin ƙwayar, ko a kan yadda ake haɗa ta don ta fi shiga jini. Ita ma ta biyun shekara 20 gare ta, daga tata ranar. Ke nan ko ta farko ta ƙare, ta biyu na iya ci gaba da tare wa masu jenerik hanya. Kamfanonin na cewa bincike ne suka kashe wa kuɗi, dole su mayar. Masu fafutukar samun magani na cewa wani lokaci kwaskwarima ce kawai don a tsawaita cin kasuwa. Labarai biyu za su nuna mana cewa kowane ɓangare na da abin kamawa.

Labari na farko: maganin sida da ba ya son zafi

A 1996 kamfanin Abbott na Amurka ya fito da ritonavir, maganin cutar sida. A 1998 sai aka ga abin mamaki a masana'anta: sinadarin ya fara daskarewa da wani sabon tsari wanda ba ya narkewa kamar na da. Dole aka janye kafson daga kasuwa har aka sake haɗa shi. Sinadari bai canza ba, tsarinsa kawai ya canza, amma maganin ya daina biyan buƙata.

An kuma gano cewa ɗan kaɗan na ritonavir yana hana hanta saurin farfasa wasu magungunan sida. Sai Abbott ya haɗa shi da lopinavir, aka samu Kaletra a shekarar 2000. Wannan haɗin ya daɗe yana cikin magungunan da ake komawa gare su in na farko ya daina yi wa mai ciwo aiki. Amma kafson farko yana da wahala. Sai an ajiye shi a firigo, sai an sha shida a rana, kuma sai da abinci. Ku auna wannan da watan Afrilu a Tawa ko Damagaram, zafi ya haura digiri 40, ga ɗaukewar kuran, ga ƙauyukan da ba su da ita sam.

A 2005 kamfanin ya fito da sabuwar ƙwaya. Dabarar ita ce a narkar da sinadaran da zafi tare da wani abu mai kama da ƙaro, a matso su ta inji kamar yadda ake matso taliya, su huce, a niƙa, a buga ƙwaya. Wannan ƙwaya ba ta buƙatar firigo, huɗu ake sha a rana, da abinci ko babu. A ƙasashenmu sunanta Aluvia. Nan kam babu mai musun cewa mai ciwo ya ƙaru, musamman na ƙasar zafi.

Rigimar ta taso ne a kan kuɗi da kuma wa ke da izinin yi. A watan Janairun 2007 gwamnatin Tailan ta yi amfani da damar da dokar OMC ta bayar, ta ba da lasisin dole don a samo jenerik na wannan magani ba da yardar kamfanin ba. Abbott ya mayar da martani da janye neman rajistar sabbin magungunansa a ƙasar, har da ƙwayar da ba ta tsoron zafi. A cikin wannan shekarar kuma ya rage farashin ga ƙasashe masu matsakaicin ƙarfi, daga dalar Amurka 2,200 zuwa 1,000 ga mutum ɗaya a shekara. Indiya, inda ake yin mafi yawan jenerik na sida da Afirka ke sha, ta ƙi ba kamfanin takardar mallaka a kan wannan ƙwaya. Daga baya, a watan Disamban 2015, AbbVie, kamfanin da ya fita daga cikin Abbott, ya sa hannu da Medicines Patent Pool, wata hukuma a Janiba da Unitaid ta kafa a 2010, ya ba masu jenerik izinin yin maganin don duk nahiyar Afirka.

Labari na biyu: kashi 30 da kotu ta ce bai isa ba

Kamfanin Novartis na ƙasar Suwis yana da Glivec, maganin wani nau'in kansar jini. Sinadarinsa imatinib. A 1998 kamfanin ya nemi takardar mallaka a Indiya a kan wani sabon tsarin ƙwayoyin sinadarin. Daga cikin hujjojinsa akwai cewa wannan tsari ya fi shiga jini da kusan kashi 30 cikin 100.

Ita kuwa Indiya, lokacin da ta gyara dokarta a 2005, ta saka wani sashe da ke cewa sabon tsari na sinadarin da aka riga aka sani ba zai samu takarda ba sai an nuna ya fi na da amfani. Ofishin rajista ya ƙi buƙatar a 2006. Aka yi ta shari'a har Kotun Ƙolin Indiya, wadda ta yanke hukunci ranar 1 ga Afrilun 2013. Kotun ta ce ƙarin shiga jini shi kaɗai bai wadatar ba, sai an kawo shaidar bincike cewa mai ciwo ya fi samun sauƙi da shi, kuma ba a kawo ba. Masu jenerik suka ci gaba da yin maganin, a farashin da bai kai kashi ɗaya cikin goma na na kamfanin asali ba.

In muka ajiye labaran biyu gefe da gefe, tambaya ɗaya ce ke raba su: me mai ciwo ya ƙaru da shi? A na farko amsar a fili take, ƙwaya ta daina lalacewa a zafi, don haka gardamar ta koma kan farashi da izini. A na biyu kotu ta ce ba a nuna ƙaruwar ba, don haka babu takarda.

Mu a Nijar ina muka tsaya?

Takardun mallakar ƙirƙira da suka shafi ƙasarmu a Yawunde ake bayar da su, a ofishin OAPI, ƙungiyar ƙasashe 17 da Nijar ke ciki, wadda aka kafa da yarjejeniyar Bangi ta 1977. Takarda ɗaya daga can tana aiki a duk ƙasashen 17 lokaci guda.

Amma akwai rangwame. OMC ta amince cewa ƙasashe mafi ƙarancin ci gaba, har da Nijar, ba dole ba ne su yi aiki da takardun mallaka a kan magunguna har zuwa ranar 1 ga Janairun 2033. Gyaran yarjejeniyar Bangi da aka sa wa hannu a Bamako a 2015 shi ma ya ɗauki wannan rangwame. Tun 2001 kuma, sanarwar Doha ta tabbatar cewa kowace ƙasa na da ikon ba da lasisin dole don kare lafiyar jama'arta, irin wanda Tailan ta yi.

Sai dai rangwamen bai rufe magana ba. Mafi yawan magungunan da muke sha daga waje ake kawo su. In takardar mallaka ta ɗaure hannun mai masana'anta a ƙasar da ake yin maganin, ko da dokarmu ta ba mu dama, babu mai arha da za mu saya. Shi ya sa hukuncin wata kotu a Indiya ke iya taɓa aljihun mai ciwo a Maraɗi. Shi ya sa kuma shekarar 2033 ta cancanci masu tsara dokokinmu da ƙungiyoyin masu fama da ciwo su sa mata ido tun yanzu.

Abin da za mu riƙe

Jenerik na gaskiya ba a yarda da shi sai ya nuna cewa yana kai sinadari cikin jini daidai da na asali. Wannan gwaji yana daga cikin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ke dubawa kafin ta amince da jenerik na sida, palu ko tarin fuka. Don haka in likita ko mai farmasi ya ba ku jenerik, arharsa ba alamar rauni ba ce. Wanda ake yawo da shi a tire cikin rana a kasuwa shi ne abin tsoro, don babu mai iya ba ku tabbacin abin da ke ciki, balle ko zai narke yadda ya kamata.

Kuma tunda dabarar a jikin ƙwayar take, mu daina ɓata ta da hannunmu. Ƙwaya irin Aluvia ba a fasa ta, ba a tauna ta, ba a daka ta, don yin haka na rage abin da ke shiga jini. Kafin ku daka wa yaro ko tsoho kowane magani, ku tambayi ma'aikacin likita, sau da yawa akwai na ruwa ko mai narkewa da aka yi don su. In an ce a sha da abinci, a sha da abinci. In Coartem ne, ko kofin madara ko kunun gyaɗa ya taimaka.

Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, mu kuma ya ƙara mana lafiya.