Wanda Ya Sauya Masallaci Bai Sauya Jini Ba

A gari irin Gude, ko ƙauyukan da ke tsakanin Kabo da Gwarzo, sahun da mutum yake sallah a cikinsa shi ne kusan dukkan rayuwarsa. 'Yan sahun nan ne za su zo masa gayya da damina, su ranta masa kuɗin taki, su karɓa wa ɗansa aure, su ɗauki makararsa. Shi ya sa ranar da matashi ya daina zuwa wazifa ya koma wa'azin Izala, ko ɗan Izala ya karɓi ɗariƙa, ba aƙida kaɗai yake taɓawa ba. Sai ka ga an daina kai masa goron suna. Wani surukinsa ya zo ya tafi da 'yarsa.

Abin ba sabo ba ne. Tun kafin Izala an sha rikicin ƙabalu da sadalu a ƙasar Kano. Da Sheikh Isma'ila Idris ya kafa Izala a Jos a 1978, sai saɓanin ya shigo har tsakar gida: ɗa ya ƙi cin naman maulidi, ya ƙi durƙusa wa mahaifinsa, uba kuma ya ce ya tattara ya bar masa gida. Su ma ƙungiyoyin ba su tsira ba. Izala ta rabu gida biyu, Jos da Kaduna. A 1994 kuma wasu almajiran Zakzaky suka ɓalle suka kafa Jama'atu Tajdidil Islam. Mafi wuya shi ne na mutanen Darul Islam da ke kusa da Mokwa, waɗanda hukuma ta tarwatsa a 2009 aka mayar da su garuruwan da suka daɗe da yin bankwana da su.

A ganina ƙaurace wa irin wannan mutum ba ya dawo da shi. Tura shi ake yi hannun duk wanda ya fara sakar masa fuska, ko da mugu ne. Kuma addinin da ake gaba dominsa bai yarda ba. Aya ta 15 a Suratu Luƙman ta umarci ɗa ya kyautata wa iyayensa ko da shirka suke kiransa gare ta, balle saɓanin wazifa. Annabi (SAW) ya hana gaba ta wuce kwana uku.

Malamai da masu unguwanni, idan irin wannan ta taso ku sa baki tun kafin ta kai ga raba aure. Kai kuma Baba, ka yi masa faɗan, amma kada ka hana a zuba masa tuwo.