Halartar Taron Fasahar Sadarwa: Yadda Ake Cin Moriyarsa

Lokaci zuwa lokaci takardar gayyata kan iso wata ma'aikata ko ƙungiya a Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, ana neman wakili guda zuwa taron fasahar sadarwa. Sau da yawa wakilin kan dawo da jaka mai tambarin taro, da tulin takardu, da hotuna. Bayan wata shida in an tambayi abin da tafiyar ta haifar, sai a rasa abin nunawa, alhali kuɗin jirgi da masaukin mutum guda za su iya riƙe cibiyar karatun manya tsawon watanni. An shirya wannan bayani domin malaman yaƙi da jahilci, ma'aikatan rediyon karkara da jami'an ƙungiyoyi. Abin da ya kamata su riƙe shi ne: yawancin jawaban taro ana samun su a intanet daga baya, amma mutanen da suka hallara ba za a sake tara su wuri ɗaya ba. Ribar taro tana ga mutanen da aka sani da aikin da ya biyo baya.

Ire-iren tarurrukan

Akwai tarurrukan tsara manufofi, inda gwamnatoci, kamfanoni da ƙungiyoyi ke zama tare. Babban misalinsu shi ne taron ƙoli na Majalisar Ɗinkin Duniya kan sadarwar zamani, wanda aka yi a Janeba a watan Disamba 2003, aka kammala a Tunis a watan Nuwamba 2005. Ƙasashen Afirka sun yi nasu zaman share fage a Bamako a 2002. Daga taron Tunis ne aka kafa dandalin tattauna tafiyar da intanet, wanda ya fara zama a Atina ta ƙasar Girka a 2006.

Akwai na masu sana'a ɗaya, kamar eLearning Africa, taron koyarwa da na'urori da aka fara a Adis Ababa a 2006, aka yi shi a Dakar a 2009 da Kwatano a 2012. Akwai kuma na ƴan sa-kai da suka san juna ta intanet kafin su ga fuskar juna, kamar Wikimania ta marubutan Wikipedia da aka fara a Farankfut ta Jamus a 2005, da takwararta ta Afirka, Wiki Indaba, wadda Abuja ta karɓa a 2019. Ga malamin yaƙi da jahilci iri na biyu da na uku sun fi amfani, domin a nan zai tarar da waɗanda ke fama da irin matsalarsa.

Kafin a tashi

Da farko, a tantance gayyatar. Akwai ƴan damfara da ke aiko da takardar taron ƙarya, su ce an ɗauki nauyin komi, sai dai a aiko da kuɗin rajista ko na otel ta wani asusu. A duba shafin masu taron, a tambayi wanda ya taɓa zuwa. Tarurrukan gaskiya da yawa suna ba da tallafin tafiya, amma ana nemansa watanni kafin ranar. Tun annobar korona ta 2020 kuma, da yawansu ana iya bin su daga nesa.

Na biyu, takardu: fasfo mai sauran wa'adi, biza inda ake bukata, da katin rigakafin shawara. Tun da Nijar ta fice daga CEDEAO a watan Janairu 2025, yana da kyau a binciki sharuɗɗan shiga kowace ƙasa kafin a sayi tikiti.

Na uku, kuma shi ne mafi muhimmanci, wakili ya zauna da abokan aikinsa su fitar da tambaya guda da zai tafi da ita. Misali: yaya za mu sa wanda ya gama karatun manya ya ci gaba da karatu a wayarsa, kada ya manta? Da wannan tambaya zai duba jadawalin taro, ya zaɓi zama uku ko huɗu, ya rubuta sunayen mutum biyar da yake son gani, ya aika musu gajeren saƙo tun yana gida. Ya kuma shirya bayanin kansa da ba zai wuce minti ɗaya ba, da Faransanci, in da hali da Ingilishi: sunansa, inda yake aiki, abin da suke yi, da abin da yake nema.

A zaure da farfajiya

A zaure ake sauraron jawabai, a farfajiya ake ƙulla zumunci, lokacin shan shayi da cin abinci. Kuskuren da aka fi yi shi ne ƴan ƙasa ɗaya su dunƙule wuri guda daga buɗe taro har rufewa. Wanda ya yi haka da ya yi zamansa a gida. A gaida baƙo, a tambaye shi aikinsa, a saurara fiye da yadda ake magana. Da an rabu, a rubuta a bayan katinsa ko a littafi abin da aka tattauna da alkawarin da aka yi, domin bayan kwana uku fuskoki kan cakuɗe.

Kada wakili ya raina abin da ya zo da shi. Mai ƙera manhaja a Dakar ko Nairobi bai san yadda mace mai shekara 40 ke koyon haɗa baƙi da wasali bayan ta gama daka ba. Malamin karkara ya sani, kuma wannan sani ba a sayen sa a kasuwa. Wanda ya fara da roƙon kuɗi mutane kan guje shi. Wanda ya fara da bayyana abin da ya gani da idonsa, shi ake nema daga baya.

A rumfunan baje koli

A nan ake bukatar natsuwa. A taron Tunis na 2005, Kofi Annan da Nicholas Negroponte sun nuna wa duniya wata ƙaramar kwamfuta ta yara, mai hannun murɗawa domin samar da wuta, wadda aka ce za a sayar dalar Amurka 100. Da aka fara ƙera ta a 2007 farashin ya kusan ninkawa, an kuma cire hannun murɗawar daga jikinta. Abin da ya shiga ƙauyukanmu a zahiri shi ne ƙaramar wayar salula. A 2009 da 2010, shirin ABC da ƙungiyar CRS ta gudanar tare da mai bincike Jenny Aker a jihohin Doso da Damagaram ya haɗa koyon amfani da waya cikin darussan karatun manya, kuma bincike ya nuna ɗaliban waɗannan cibiyoyi sun fi takwarorinsu sakamako a rubutu da lissafi.

Don haka duk na'ura ko manhajar da aka nuna, a yi mata tambayoyi biyar. Tana aiki inda babu lantarki? Tana aiki in layin intanet ya yanke? Nawa za a riƙa biya bayan shekarar farko? Wa zai gyara ta in ta lalace a Mayahi ko Magarya? Tana rubuta Hausa daidai?

Tambaya ta ƙarshe a gwada ta nan take. A rubuta ɓ, ɗ, ƙ da ƴ, manya da ƙanana, a ga ko sun fito. Haruffan suna cikin tsarin Unicode da kwamfutocin duniya ke bi, amma ba kowane salon rubutu ke ɗauke da su ba. In lanƙwasa ta ɓace, ƙafa ta koma kafa, baƙi ya koma baki, sabon mai karatu kuma ya ruɗe. A sanar da su cewa a Nijar ana rubuta ƴ inda Nijeriya ke rubuta 'y. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa harshen ƙasa, wannan bukata ta ƙara nauyi.

Ladubban zumuncin intanet

Bayan taro hulɗa takan koma imel, WhatsApp, Facebook ko LinkedIn, kuma can ma akwai ladabi. Ba a saka mutum cikin rukuni sai da izininsa. Ba a cika rukunin aiki da gaisuwar safe da saƙonnin da ba a tantance ba. Ba a ɗaukar hoton mutum a watsa ba tare da ya yarda ba. Haka nan hotuna, sunaye da lambobin ɗalibanmu amana ne, ba a miƙa su ga kamfani don ya nema. Wanda aka ɗauki aikinsa a ambaci sunansa. Al'adar ƴan sa-kai kuwa ita ce a san mutum da abin da ya bayar: wanda ya gyara maƙala a Wikipedia ta Hausa, ko ya ba da muryarsa ga shirin Common Voice na Mozilla, ya fi mai dogon muƙami daraja a wurinsu.

Bayan an dawo

Cikin mako na farko a rubuta wa waɗanda aka gana da su. A tuna musu inda aka haɗu, a aika abin da aka yi alkawari, a ba da shawarar mataki guda mai sauƙi, kamar musayar littafin koyarwa ko zantawa ta waya ranar kaza. Alkawari kaya ne. Wanda ya cika ƙarami shi ake ba babba.

Cikin mako na biyu a tara abokan aiki a yi musu bayani da Hausa: tambayar da aka tafi da ita, amsar da aka samu, da abin da za a gwada a cibiya ɗaya kafin a faɗaɗa. A ajiye adireshi da takardu a ofis inda kowa zai same su, domin wakili ya je ne da sunan ƙungiya, kuma ana iya canja masa wurin aiki gobe. In akwai rediyon karkara a kusa, a kai labarin can.

Bayan wata shida a sake zama a duba: da mutum nawa ake hulɗa har yanzu, kuma mi ya canja a aji? Amsar ita za ta nuna ko ya dace a sake tura wakili baɗi, ko kuwa a bi taron daga gida, a sa kuɗin cikin alli da littattafai.