Radiyom: Ƙarfe Mai Haɗari Da Rigar Kwali Mai Faɗakarwa

Wasu makarantu a Kawo da kewayenta sukan ware rana guda domin nune-nunen kimiyya. Malami yakan ba kowane yaro sunan wani sinadari, ya ce ya zo da shigar da za ta nuna shi. Iyaye da yawa sukan ɗauka wannan wasa ne kawai, ko kuwa hanyar kashe kuɗi. To, ba haka ba ne. Idan aka ba yaro radiyom, rigarsa tana iya koya wa mutanen unguwa abin da zai ceci rai.

Mene ne radiyom?

Radiyom wani ƙarfe ne fari kamar azurfa. Da iska ta taɓa shi, sai ya yi baƙi. Yana da wuyar samu ƙwarai. Ana samun sa a cikin dutsen yuraniyom, irin wanda aka fara haƙowa a Arlit ta ƙasar Nijar a 1971. Amma ko an niƙa tan guda na dutsen, radiyom ɗin da za a samu bai kai giram guda ba.

Wata mata mai suna Marie Curie da mijinta Pierre su ne suka gano shi a birnin Faris na ƙasar Faransa a 1898.

Halayensa

Radiyom yana fitar da zafi da kansa, ba tare da an hura masa wuta ba. A cikin duhu yana ɗan haske. Yana kuma fitar da wani tururi wanda ido ba ya gani, hanci ba ya jin warinsa. Wannan tururi yana ratsa fata, yana lalata jini. Ga shi ba ya ƙarewa da wuri. Idan aka ajiye giram biyu yau, sai bayan shekara 1,600 zai koma giram ɗaya.

Idan ya shiga ciki, jiki yakan ɗauke shi kamar abincin ƙashi, sai ya kai shi cikin ƙasusuwa. Daga nan yakan haifar da ciwon daji. A Amurka, daga 1917, an ɗauki 'yan mata aikin shafa wa agogo fenti mai radiyom domin ya riƙa haske da dare. Suna lasar bakin buroshi don ya yi tsini. Da yawansu muƙamuƙinsu ya ruɓe, wasu suka rasu. Ita ma Marie Curie ciwon jini ne ya yi ajalinta a 1934. Har yau littattafanta suna ajiye cikin akwatuna masu dalma.

Duk da haka, sinadarai masu irin wannan tururi suna da amfani a hannun masana. Likitoci suna ƙone ciwon daji da su. A Zariya ma, Jami'ar Ahmadu Bello tana da ƙaramin injin nukiliya na bincike, wanda ya fara aiki a 2004.

Alamar da ya kamata kowa ya sani

Duk abin da ke ɗauke da irin wannan sinadari akan yi masa alama guda a ko'ina cikin duniya. Kamarta kamar fanka mai fukafukai uku, da ɗigo a tsakiya. Yawanci baƙa ce a kan rawaya.

Rashin sani ya fi dare duhu. A 1987, a garin Goyaniya na ƙasar Burazil, wasu masu tsintar ƙarafa suka ɗauko wani inji daga tsohon asibiti. Suka fasa shi, suka sayar. A cikinsa akwai garin wani sinadari mai irin wannan tururi, yana haske shuɗi. Mutane suka raba wa 'yan uwa don sha'awa. Mutum 4 suka rasu, har da yarinya 'yar shekara 6. Wannan darasi ne ga 'yan gwangwan, da maƙera, da masu kai ƙarafa Panteka.

Yadda ake haɗa rigar

Ba sai an je wurin tela ba. Kayan duk ana samun su a gida ko a kasuwar Kawo.

1. A samo babban kwali, a yanko falle biyu daidai ƙirjin yaro.
2. A huda kusurwoyin sama, a ɗaura igiya, yadda falle ɗaya zai sauka gaba, ɗaya baya.
3. A shafa wa fallen gaba gam ko kunun sitaci, a manna takarda mai ƙyalli ta fakitin madara. Wannan shi ne launin ƙarfen.
4. A kan farar takarda a rubuta Ra da manyan baƙaƙe, a sa 88 a samansa, a manna a tsakiya. Ra ita ce alamarsa a kimiyya, 88 kuma lambarsa.
5. A shafa wa fallen baya fenti rawaya. Idan ya bushe, a zana fankar nan mai fukafukai uku da baƙin fenti ko gawayi.
6. A ƙarƙashinta a rubuta: HAƊARI, KADA A TAƁA.

Kada a fasa batir domin neman baƙi, kuma kada yaro ya matsa kusa da wuta yana sanye da kwali.

Yana da kyau yaro ya fara gwada rigar a tsakar gida, ya bayyana wa iyaye da maƙwabta ma'anar alamar. Duk wanda ya ga ƙarfe mai wannan alama, kada ya ɗauka, kada ya fasa, kada ya kai gida. Ya yi nesa da shi, ya hana yara zuwa wurin, sannan ya sanar da mai unguwa ko 'yan sanda. Rigakafi ya fi magani.