Shin Ko Kun San? Kantu na Maraɗi, Sarkin Kokawa na Farko

Shin ko kun san cewa ɗan kokawar da ya fara lashe gasar ƙasar Nijar baki ɗaya mutumin Maraɗi ne? Sunansa Yakuba Ango, amma da Kantu duniya ta san shi. A shekarar 1975 ya yi wannan bajinta a garin Tawa, inda aka buɗe gasar karo na farko.

Ko kun san a wane hali aka kafa ta? Shekara ɗaya ke nan da Seyni Kountché ya kifar da gwamnatin Diori Hamani a watan Afrilun 1974, ƙasa kuma ba ta gama farfaɗowa daga fari da yunwa ba. Sai hukuma ta ɗauko wasan da samari ke yi a dandali bayan an kai amfanin gona rumbu, ta mayar da shi abin da zai haɗa Bahaushe da Bazabarme da Babarbare a fili ɗaya. A ganina dabara ce mai kyau, kuma ta ci.

Mu mutanen Kankiya da Kusada, Kantu ba baƙonmu ba ne. Katsinawan da suka yi arewa bayan jihadi su suka kafa sarautar Maraɗi, shi ya sa har gobe ake cewa Sarkin Katsinan Maraɗi. Daga Kankiya ka bi ta Katsina, ka ratsa Jibiya da Ɗan Isa, ka isa. Kiɗan fili iri ɗaya, kirari iri ɗaya, layun damtse ma haka.

Ga wani abin mamaki: ba a raba 'yan kokawa bisa nauyi a wannan gasa. Siriri na iya karawa da ƙato, ƙasa ce alƙali. Yau jihohi 8 ke shiga, kowace da 'yan kokawa 10, wato mutum 80 na neman takobi ɗaya, kyautar zakaran gasar. Wanda ya yi nasara a naɗa masa rawani, a ba shi doki da kuɗi. Kadri Abdu na Dosso, wato Isaka Isaka, ya ɗauki takobinsa na 6 a Agadas a ƙarshen 2023.

Abin da ya fi burge ni shi ne Nijar ba ta manta da mazajenta ba. Filin kokawar Maraɗi sunan Kantu yake ɗauke da shi, na Dosso sunan Salma Ɗan Rani, na Damagaram kuwa Langa-Langa. Yaro ya tambayi mai sunan, a ba shi labari.

Mu fa? Shago ɗan dambe ya tsira a bakin mutane ne saboda mawaƙi Ɗan Anace ya yi masa waƙa. Gwanayen da suka kayar da maza a ƙauyukanmu shekaru 60 da suka wuce, sunayensu na bakin dattawa kawai. Matasan Kankiya da Kusada, ku je ku zauna da tsofaffin nan, ku ɗauki muryarsu a waya, ku rubuta sunayen tun suna raye.