Gansakuka: Dattin Da Ke Wanke Datti

Masu iya magana kan ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Duk wanda ya bi ta Challawa, Sharaɗa ko Bompai a Kano ya ga yadda dagwalon masana'antu, musamman na kamfanonin jima, ke kwarara zuwa kogunan Challawa da Jakara, inda manoman rani ke ɗiba suna ban-ruwa. Mu kuwa a Maigatari muna da yankin ciniki marar haraji tun zamanin Gwamna Saminu Turaki, muna kuma fatan masana'antu su cika shi. Ina ruwan dattinsu zai nufa?

A matsayina na ɗalibin harshe, na lura cewa bakin Bahaushe bai cika ambaton gansakuka da alheri ba. Alama ce ta ruwan da ya kwana ya lalace. Alhali ƙananan halittun da ke cikin wannan koren, waɗanda sai da madubin likita ake ganin ɗaiɗaikunsu, abincinsu shi ne naitirojin da fosfaras, wato sinadaran da muke saye da tsada cikin buhun takin zamani. Da hasken rana suke zuƙe iskar kabon, har kilo guda na busasshiyar gansakuka kan cinye kusan kilo 1.8 na wannan iska. Tun shekarun 1950 Farfesa William Oswald na Jami'ar Kalifoniya a Amurka ya nuna cewa tafkuna marasa zurfi na irin wannan gansakuka suna tace ruwan datti. A ƙasar Cadi ma, matan Kanembu sun daɗe suna kwasar wani nau'inta a tafkunan kanwa, su shanya, su sa a miya. Suna kiransa "dihe".

Sai dai a yi hattara. Ruwan jima na ɗauke da sinadarin kuromiyom mai guba, gansakukar da ta tsotse shi ba ta halatta ga gona ko dabba ba sai an fara raba shi. Amma ruwan mayanka da na kamfanonin sarrafa abinci, irin waɗanda kasuwar dabbobinmu ta ranar Alhamis za ta iya janyowa, taki ne da ake zubarwa, ga kuma jigawar Gumel, Gagarawa da Sule Tankarkar na kukan rashinsa.

Rana muna da ita, fili ma haka. Kirana ga Gwamnatin Jihar Jigawa shi ne ta sanya gina tafkin tace ruwa cikin sharuɗɗan bai wa kowane kamfani fili, tun kafin a aza tubalin farko. Allah Ya sa mu gyara.