2.4 Tsara Manhaja Bisa Amfanin Masu Ruwa da Tsaki: Misalin Gidajen Birnin Zariya

A wannan fasali za a dubi ra'ayin da ke cewa ingancin manhajar kwamfuta ba ya tsaya ga yin aiki ba tare da kuskure ba, sai an duba wa ta amfana, kuma wa ta cutar. Boehm da Ross (1989) suna daga cikin waɗanda suka fara kafa wannan ra'ayi, inda suka nuna cewa aikin mai tsarawa shi ne ya tabbatar kowane ɓangare ya ci riba. Daga baya Boehm (2003) ya faɗaɗa shi, yana sukar al'adar ɗaukar dukkan buƙatu da daraja ɗaya.

Za a fi fahimtar wannan idan aka dubi rajistar filaye. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane a hannun gwamna, sannan a 2015 Jihar Kaduna ta kafa hukumar KADGIS domin adana bayanan filaye a kwamfuta. Abin da gwamnati ke nema a fili yake, wato suna, da iyaka, da kuɗin shiga. To amma a cikin ganuwa, a unguwanni irin su Kwarbai da Juma da Limancin Kona, gidaje da yawa na gado ne. Zaure ɗaya ne, amma sassa suna da yawa, magada kuwa wasu suna Kaduna, wasu Kano, mata sun yi aure sun fita alhali rabonsu yana nan. Sau da yawa ma ba a raba gadon ba, kuma mai unguwa da dattawa ne kaɗai suka san inda iyakar kowa ta tsaya.

Saboda haka, idan mai tsarawa ya ware gurbi ɗaya tak na sunan mai gida, babban wa ne zai shiga, takardar mallaka ta fito da sunansa. Kwamfuta ba ta yi kuskure ba, amma tumunin matar mamaci da rabon 'ya'ya mata sun ɓace daga rajista, rigimar kuma sai gaban alƙali. Gyaran wannan tun a takarda ƙara gurabe ne kawai na magada da kason kowa. Bayan an shigar da dubban gidaje kuwa, sai an sake bi gida-gida.

Wahalar ita ce waɗanda abin ya fi shafa, musamman matan kulle, ba su ne ake gayyata taron tattara buƙatu ba. Wannan ya sa a babi na uku aka keɓe musu tambayoyi na daban, ta hannun mata masu taimakon bincike.