Yadda Mutum Zai Zaɓi Labaran Da Zai Karanta

Gidanmu yana cikin birnin Kano, a unguwar Yakasai. Duk lokacin da aka ba mu hutu na koma gida, nakan tarar da kakana a zaure da 'yar rediyonsa. Shi ba kowace tasha yake saurare ba. Da safe ya murɗo BBC, wadda ta fara shirin Hausa tun 1957. In an jima ya koma Jamus ko Muryar Amurka, sa'an nan ya ƙare da Rediyon Kano. In ka kawo masa labari, abin da zai fara tambayarka shi ne, "Wa ya faɗa?"

Mu yaran yanzu ba mu cika yin wannan tambaya ba. Duk abin da aka turo mana a waya sai mu haɗiye. Yayana ya ba ni labarin yadda a watan Agusta na 2014, lokacin cutar Ebola, aka yi ta tashin mutane cikin dare ana cewa su yi wanka da ruwan gishiri, su kuma sha. Da yawa suka yi, har wasu suka kwanta asibiti, alhali ba likitan da ya ce a yi haka.

To, akwai wata dabara da za ta sa mu yi irin zaɓen kakana. Na koye ta a wayar yayana a hutun da ya wuce, tun da a makaranta ba a yarda mu riƙe waya ba. Sunanta RSS, an ƙirƙiro ta a Amurka a 1999. Gidajen jaridu da na rediyo da yawa suna da wani adireshi na musamman a intanet, inda suke jera kanun labaransu da zarar sun fito. Sai ka sa manhaja mai tattara labarai a wayarka, ka ba ta adireshin gidajen da ka amince da su. Ita ce za ta riƙa zagayawa tana kwaso maka sababbin labarai, kamar yaron da aka aika kasuwar Rimi da takardar cefane. Abin da aka rubuta masa kaɗai zai sayo.

Irin waɗannan manhajoji suna da yawa, kamar Feedly da Inoreader. Kafin ka zaɓi ɗaya, duba abu uku. Na farko, za ka iya amfani da ita kyauta? Na biyu, tana ajiye labari ka karanta ko da datarka ta ƙare? Na uku, tana yarda ka kwashe jerin tashoshinka in za ka koma wata? Wannan na ukun ba abin rainawa ba ne, don a 2013 kamfanin Google ya rufe tasa, mai suna Google Reader, dole masu amfani da ita suka nemi wata.

Shigar da tasha ba wuya. Ka rubuta sunanta ko adireshinta a wurin bincike na manhajar, in ta fito ka danna, shi ke nan. Amma kada ka yi haɗama. Tasha biyar ko shida sun isa, ka haɗa da na gida da na waje, don ka riƙa gwada maganar wannan da ta wancan. Ka tuna manhaja 'yar aike ce kawai, ba ta rarrabe gaskiya da ƙarya. Wannan aikinka ne.

Da na nuna wa kakana, ya duba ya yi dariya, ya ce, "Kai ja'iri, ashe rediyona kuka cusa a cikin waya!" Na ce, "Haka ne, Malam." Saboda haka ina kira ga 'yan'uwana ɗalibai, kafin mu tura wa wani labari, mu fara tambaya wa ya faɗa. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya sa mu dace, amin.